Yadda Ake Kusantar Kare Ba Tare da Ya Yi Cizo Ba

Masu saurarenmu na karkara da ƴan uwa mazauna ƙetare, kare ba baƙo ba ne a wurinmu. Yana gadin gida, yana bin makiyaya, yana raka mafarauta daji, har akwai irin da duniya ta sani da sunan Azawak, daga yankin arewacin Tahoua. Amma kare yana da nasa hali, kuma yara ne suka fi shan cizo. Shi ya sa muka tattaro muku waɗannan bayanai.

Kafin a taɓa shi

Da farko a tambayi mai shi, don shi ya san halin dabbarsa. In ya yarda, a tsaya gefe, kar a zuba wa karen ido, saboda a wurinsa wannan neman faɗa ne. A bari shi ya matso ya sansana. Sai a shafa ƙirji ko kafaɗa a hankali, ban da kai da bindi. A ɗan dakata. In ya ja baya, to a ƙyale shi. Ƴan uwa da ke Faransa ko Amurka, ko kun ga kare da igiya a hannun mai shi, sai kun nemi izini.

Wanda ba a kusanta

Kare mai cin abinci, mai barci, wanda aka ɗaure, marar lafiya, mai gadin garke, da karya mai shayar da ƴaƴanta. Haka ma duk wanda ya yaƙe haƙora, yana gurnani, ko ya sandare gashin bayansa ya miƙe. Kaɗa bindi ba kullum yake nufin murna ba.

In baƙon kare ya nufo ka, kar ka ruga, don gudu shi ke sa ya bi ka. Tsaya cik, hannuwa a jiki, har ya wuce. In ya kada ka, dunƙule ka rufe wuya da fuska. Iyaye, a hana yara jifar karnuka, kuma kar a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da kare, ko na gida ne.

In an yi cizo

Abin tsoro shi ne ciwon haukan kare. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar, saboda haka yakushi ko lasar rauni ma na iya sa ta shiga jiki. Yawanci sai bayan wata 2 zuwa 3 alamu ke fitowa, kuma da sun fito kusan ba mai tashi.

Nan take a wanke raunin da ruwa da sabulu har minti 15. Kar a sa barkono ko toka. A tafi likita ranar, CSI mafi kusa ko asibitin gunduma, a nemi allurar riga-kafi, a kuma cika ta yadda aka tsara. In karen na gida ne, a tsare shi aƙalla kwana 10 ana lura, a sanar da ma'aikatan kiwo, amma kar a jira sakamako kafin a fara allura.

Riga-kafi ya fi magani

Masana sun nuna in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar takan daina yaɗuwa. Kowace 28 ga Satumba ake ranar yaƙi da ita a duniya, ranar rasuwar Louis Pasteur, wanda ya fara gwada allurar ga ɗan Adam a 1885. Mai kare ya kai shi wurin likitan dabbobi. Ku kuma na nesa, in kun buga waya gida, ku tambaya ko an yi wa karen gidan allura.