Lambobin Yaƙi a Matsayin Madogarar Tarihi: Yadda Ake Karanta Bayanan 'Yan Mazan Jiya

1.0 Gabatarwa

A gidaje da dama na ƙasar Hausa akan tarar da wata tsohuwar adaka da ke ɗauke da lambobi biyu ko uku na tagulla, ƙyallensu ya koɗe, tare da labarin da ake bayarwa a kansu, cewa kaka ya yi yaƙin Bama, kuma Turawa sun ba shi lamba saboda jarumtaka. Tun da yake galibin 'yan mazan jiya sun kwanta dama, waɗannan lambobi da rajistocin da aka rubuta su a ciki su ne suka rage a hannun jikoki da manazarta. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa lamba shaida ce mai taƙaitaccen bayani, wadda ba a fahimtarta sai an san ƙa'idar da aka bi wajen bayar da ita. Wanda ya karanta ta ba tare da wannan sani ba, ko dai ya ɗora wa kakansa abin da bai yi ba, ko kuma ya tauye masa abin da ya yi.

2.0 Rundunar da Ake Magana a Kanta

A shekarar 1897 aka ɗora wa Lugga alhakin kafa Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma, kuma a 1914, da aka haɗe Arewa da Kudu, aka mayar da sojojin sassan biyu runduna guda ta Nijeriya. Wannan runduna ta yaƙi Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, inda aka ci Garwa a watan Yuni 1915, Mora kuma ta miƙa wuya a Fabrairu 1916. Daga nan aka tura birged guda zuwa Afirka ta Gabas, wadda ta sha wuya ƙwarai a gumurzun Mahiwa cikin Oktoba 1917. A Yaƙin Duniya na Biyu, Birged ta 23 ta Nijeriya ta shiga Mogadishu a Fabrairu 1941, ta zarce zuwa Harar a ƙasar Habasha. Bayan haka, a 1943, aka kafa manyan runduna biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, waɗanda suka yaƙi Japanawa a Bama. Sanin wannan jeri shi ne matakin farko, domin kowace lamba tana nuni ne ga wani yanki nasa.

3.0 Lambar Halarta da Lambar Jarumtaka

Kalmar "lamba" a Hausa ta haɗe abubuwa biyu waɗanda dokar soja ta rarrabe. Akwai lambar halarta, wadda ake ba duk wanda ya kasance a wani fagen yaƙi a tsakanin wasu ranaku ƙayyadaddu. Akwai kuma lambar jarumtaka, wadda ake ba mutum ɗaya saboda wani aiki da ya yi, bayan hafsansa ya rubuta takardar shaida. Mafi yawan lambobin da ke cikin adakoki na kashin farko ne.

Tauraruwar Bama, mai ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, ana bayar da ita ga wanda ya yi aiki a wannan fage tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945, ko da na kwana ɗaya ne. Mai riƙe da bindiga ya same ta, kuku ya same ta, haka ma sojojin dako da suka ɗauki harsasai da abinci a ka cikin duwatsun kwarin Kaladan, inda mota ba ta shiga. Tauraruwar ba ta bambanta su ba, saboda haka ba za ta iya faɗin wane aiki mutum ya yi ba. Tauraruwar 1939-45 tana bukatar wata shida a fagen daga, ita kuwa Lambar Yaƙi ta 1939-45 kwana 28 cikin kaki sun wadatar.

Duk da haka, idan aka jera lambobin aka karanta su tare, sukan yi bayani mai amfani. Tauraruwar Afirka, alal misali, ba a bayar da ita don zama a barikin Kaduna ko Zariya ba, domin Afirka ta Yamma ba ta cikin fagen da aka ƙayyade. Ta shafi Afirka ta Arewa da Habasha da Somaliya da makamantansu, daga 10 ga Yuni 1940 zuwa 12 ga Mayu 1943. Wanda ya haɗa ta da Tauraruwar Bama tsohon hannu ne, kuma ya kamata a fara nemansa a Runduna ta 82, domin cikinta aka zuba birged ɗin da ta dawo daga Habasha. Haka nan a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Tauraruwar 1914-15 tana tsayawa ne a 31 ga Disamba 1915. Sojan Nijeriya da ke da ita galibi ya ga yaƙin Kamaru. Wanda kuwa ke da lambar azurfa da Lambar Nasara mai ƙyallen bakan gizo kaɗai, ya shiga fage ne bayan wannan rana.

Lambobin jarumtaka sukan zo da sunan mai su a bakin ƙarfen, ana kuma shelar su a gazet. Ɗan ganyen tagulla da akan maƙala a kan ƙyalle alama ce ta cewa babban kwamanda ya ambaci sunan sojan a rahotonsa. Takardun shaidar hafsoshi na Yaƙin Duniya na Biyu suna gidan adana takardun tarihi na Ingila da ke Kew, a jerin WO 373, kuma a cikinsu ne ake samun rana da wuri da abin da ya auku.

4.0 Lambobin da Suka Gabaci 1914

Akwai wata lamba ta azurfa da aka ƙirƙiro a 1902 don ƙananan yaƙe-yaƙen Afirka. Ma'anarta tana jikin siririn ƙarfen da aka gicciya a kan ƙyallenta. Wanda aka rubuta wa "N. Nigeria 1903" ya shafi yaƙin da aka ci Kano da shi ranar 3 ga Fabrairu, da Sakkwato ranar 15 ga Maris, har zuwa Burmi, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ranar 27 ga Yuli. Na 1906 kuwa ya shafi Satiru da Haɗeja. Jikan da ya ɗauki wannan lamba da zaton ta yaƙin Jamus ce, zai iske cewa kakansa yana cikin waɗanda suka buɗe wuta a ganuwar garin da zuriyarsa ke zaune a yau. Wannan ba abu ne mai daɗin ji ba, amma aikin manazarci shi ne ya rubuta shi, sannan ya binciki dalili. Daga cikin waɗanda suka shiga soja a lokacin akwai bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, da waɗanda yunwa ta koro, da 'yan ƙabilun da suka daɗe suna shan harin sarakuna.

5.0 Matsalar Suna

Babban tarnaƙi a rajistocin lambobi shi ne suna. Akawun da ya ɗauki kurtu yakan rubuta sunan yanka ne ya liƙa masa sunan gari, sai a sami Audu Kano ko Garba Katsina da yawa a bataliya guda. Garin ma ba lalle ne ya zama mahaifa ba. Yana iya zama inda aka ɗauke shi aiki, ko birnin da ya fi kusa da ƙauyensu. Rubutun kuma na kunnen Bature ne, inda Muhammadu kan koma Momadu, Ibrahim ya koma Braima. Wasu da gangan suka sauya suna don kada a gano su. Bugu da ƙari, da yake Hausa ce harshen bariki, Turawa sun riƙa kiran mutanen ƙabilu da dama Hausawa.

Saboda haka lambar aikin soja, wato adadin da aka ba shi ranar ɗauka, ta fi sunansa muhimmanci. A lambobin Yaƙin Duniya na Ɗaya an buga wannan adadi da muƙami da suna da runduna a jikin ƙarfen, ana kuma iya gwada su da rajistocin jerin WO 329 da katunan WO 372. Lambobin halarta na yaƙi na biyu kuwa Ingila ta bayar da su babu suna. Tauraruwa tsirara ba ta tabbatar da mai ita, sai an haɗa ta da littafin sallama, inda adadin sojan Nijeriya kan fara da haruffan NA. Daga littafin ake gane bataliya, daga bataliya kuma a koma ga kundin da take rubuta al'amuranta na kullum, wanda na fagen Bama yake a jerin WO 172. Kundin ba safai yake ambaton farabiti ko kofur da suna ba, amma yana nuna inda kamfaninsa ya kwana a kowace rana.

6.0 Abin da Rajista Ta Yi Shiru a Kansa

Rashin suna a rajista ba hujja ba ce ta cewa mutum bai je yaƙi ba. Rahoton da hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila ta fitar a 2021 ya amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarinsu 'yan Afirka da Misirawa, ba a rubuta sunayensu a wuraren tunawa ba. 'Yan dako ne wannan sakaci ya fi shafa.

Rajista kuma ta ɓangare ɗaya ce. Samanja Chari Maigumeri, wanda aka sanya wa barikin Lakwaja sunansa, ya fara soja ne a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, aka kama shi a Garwa a 1915, ya shiga rundunar Ingila a 1917, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, ya yi ritaya a 1953. Wanda ya dogara ga rajistar Ingila kaɗai zai rasa farkon tarihinsa gaba ɗaya.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa hanyar da ta fi dacewa ita ce a fara da tantance irin lambar da ƙa'idarta, a nemo adadin aikin sojan, a gano bataliyarsa, sannan a gwada wannan duka da abin da tsofaffin gida suka riƙe, da waƙoƙin bariki, da laƙabin da aka dawo da shi. Inda baki da takarda suka saɓa, sai a rubuta su duka biyun, a bayyana wanda ya fi ƙarfi da dalilin haka. Ya kamata kuma ɗaliban da ke rubuta kundaye su gaggauta ɗaukar hoton littattafan sallama da ke gidajensu, domin ƙarfe yana jure shekaru, amma takarda gara da damina suna cinye ta.