Matsayin mata a finafinan jarumai: daga Hollywood zuwa Lugu

Finafinan jarumai masu ƙarfin ban mamaki, irin su Superman, Batman da Spider-Man, sun samo asali ne daga littattafan zane na Amurka. Yau matasa na kallonsu a wayoyin salula da gidajen kallo, daga birnin Tahoua har Affala. Shekaru da dama matsayin mace a cikinsu bai wuce biyu ba: ko budurwar da mugu zai sace jarumi ya ceto ta, ko mayaƙiyar da aka fi haska surarta fiye da aikinta.

Yadda lamarin ya sauya

An ƙirƙiri Wonder Woman tun 1941, amma sai a 2017 ta samu babban fim nata na kanta a sinima. Kafin nan finafinan Catwoman (2004) da Elektra (2005) ba su yi kasuwa ba, sai kamfanoni suka fake da cewa mace ba ta jawo 'yan kallo. Fim ɗin 2017, wanda mace ce ta ba da umarninsa, wato Patty Jenkins, ya tara fiye da dala miliyon 800. Captain Marvel na 2019 ya haura dala miliyar ɗaya. A 2022 kuma The Woman King ya kawo labarin mata mayaƙan masarautar Dahomey, a ƙasar Benin ta yanzu.

Jarumar Nijar

Tun kafin wannan sauyi, an yi fim a kan jarumar ƙasar Hausa. Sarauniya Mangu ta Lugu, a yankin Dogon Dutsi, ta tunkari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, kuma labarin baka ya ce tana da asirin da ke razana abokan gaba. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, ya kuma lashe babbar kyautar FESPACO a 1987. A fim ɗin ita ke tsara yaƙi da yanke shawara, ba wanda ya zo cetonta. Sai dai a Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma 'yar wasan ƙasar, Aï Keïta, ce ta fito a matsayin Sarauniya.

Abin da 'yan wasa mata suka ɗanɗana

Moustapha Alassane, wanda ya daɗe da zama a Tahoua, ya saka Zalika Souley cikin fim ɗinsa na kaboyi, Le Retour d'un aventurier, a 1966. Ta zama tauraruwar farko ta sinimar Nijar, amma ta sha tsangwama daga mutanen da suka kasa bambance halinta na gaskiya da rawar da take takawa. Rahmatou Keïta ta ba da labarinta a fim ɗin Al'lèèssi. Zalika ta rasu a 2021.

Ma'aunin da masu sharhi ke amfani da shi

Ƙarfin damtse kaɗai ba ya nuna an mutunta mace a fim. Abin dubawa shi ne: tana da burinta na kanta? Ita ke zaɓar abin da za ta yi? In an cire ta, labarin zai rushe ko zai ci gaba kamar ba a yi ba? Da waɗannan tambayoyi uku mai kallo zai iya auna kowane fim, na Hollywood ne ko na Kannywood.