An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A shekarar 1986 mahaifina ya riƙo hannuna ya kai ni wani ɗan shago a Mandawari, ya damƙa ni ga mai gyaran rediyo. Aikin farko da maigidan nawa ya ba ni shi ne kwance bayan wata National. Kusoshi shida ne, ka juya sukundireba su fito, sai cikinta ya bayyana gabanka kamar an fede akuya. Wasu rediyoyin ma har da zanen hanyoyin wutarsu a manne jikin murfi, ka bi da yatsa har ka isa inda cutar take. Ina kallo baki sake ya ce mini, "Yaro, wanda ya ƙera wannan ya san wata rana za ta lalace, shi ya sa ya bar mana ƙofa." Shekara kusan arba'in ke nan ina wannan sana'a, kuma abin da na gani shi ne ƙofar nan tana ta tsukewa, har ta kai yau an toshe ta da gam.

Zamanin rediyo da rikoda cutar ba ta da yawa. Ko dalma ta saki, ko robar da ke juya kaset ta saki jiki, ko ƙurar hunturu ta toshe kan rikoda, a sa auduga da sifirit a goge. Da finafinan Hausa suka kama kasuwa bayan fitowar Turmin Danya a 1990, Ƙofar Wambai ta cika da kaset, mu kuma shagunanmu suka cika da bidiyon da ta haɗiye zare. Mai kaya yana zaune kan benci yana kallonka, ka gama ka jona, ya ji da kunnensa, ya biya. Idan ya yi fushi, da ƙura yake yi ko da masu wuta. Ba ya tunanin akwai wani kamfani a Japan da zai riƙe a zuciya.

Tarho kuwa ba namu ba ne. A duk Najeriya layukan NITEL ba su kai rabin miliyan ba, kuma a cikin gari gidan da ke da shi sananne ne, nan ake kiran rabin unguwa, a aiki yaro da gudu ya ce wane ya zo ana nemansa daga Makka.

Sai 2001. A watan Janairu hukumar NCC ta yi gwanjon lasisi, kowane ɗaya dala miliyan 285, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai, ba wayar ba, naira dubu ashirin ne ko fiye, a lokacin da mafi ƙarancin albashi a jihohi yake naira 5,500. Kira naira 50 ne minti ɗaya, kuma ko sallama ka yi sabis ya yanke, an ci hamsin ɗinka. A nan Bakano ya koyi magana ba gaisuwa, abin da a da sai marar tarbiyya. A nan kuma aka haifi filashin, da 'yan lema masu tebur a bakin titi da agogo a hannu, ana rigima kan ko minti ya cika ko bai cika ba. Kamfanonin suka ce lissafi da daƙiƙa ba abu ne da zai yiwu nan kusa ba. A watan Agustan 2003 Glo ta shigo da shi tun ranar farko, ranar 19 ga Satumba kuma mutane da yawa a faɗin ƙasa suka kashe wayoyinsu na yini guda don nuna fushi. Ba a jima ba abin da ba ya yiwuwa ya yiwu a kowane layi. Ni dai daga lokacin na daina yarda idan kamfani ya ce "ba zai yiwu ba".

Wajen 2004 aikin rediyo ya fara ja da baya, na ajiye girman kai na riƙa zuwa Titin Beirut ina koyon gyaran waya wurin wani yaro da na girma da shekara goma sha biyar. Gaskiya wayoyin lokacin sun yi mana adalci. Nokia 3310 za ta faɗa kwata, a tsamo ta, ka cire batir da farce, ka wanke fanel da sifirit, ka shanya a rana, ta tashi kamar ba a yi ba. Da Sallah a saya mata sabon gida ta koma amarya. Caja ɗaya tana yi wa gida guda. 'Yar ƙaramar mai tocila, wadda aka yi wa laƙabi da rakani-kashi, har yau ban ga abin da ya kai ta amfani a lungun da ba wuta ba.

Amma a wannan zamanin ne aka fara kawo mini cutar da ba ta cikin waya. Ba na manta wata tsohuwa da ta aiko almajiri da wayarta a ƙulle cikin leda, da saƙon wai tana shan kuɗi, a duba mata. Na buɗe, na auna, ban ga komai ba. Kwana biyu sai ga ta da kanta, da mayafi da carbi.

"Malam, kai na ba wa ɗari biyu ka ce ka gyara. Jiya ɗana ya turo mini kati daga Legas, ko kira ban yi ba, da safe babu ko sisi."

"Iya, ba ni in sake gani."

Na shiga wurin saƙonni, ga su nan jere, duk da Turanci. An sa mata waƙar kira, an sa mata labarin ƙwallo, an sa mata wani abu wai shawarar soyayya, kowanne ana cira kullum ko mako-mako. Ita ba ta karanta boko, ajami take karantawa. Wataƙila an kira ta da muryar na'ura ta danna wani abu don ta kashe, shi ke nan an ce ta amince. Na kira lambar kamfanin a gabanta, muka sha kiɗa kusan rabin awa, aka yanke. Ta dube ni ta ce, "To ni wa zan kama?" Ba ni da amsa, na mayar mata da ɗari biyunta. Sai a 2016 hukuma ta fito da lambar 2442 ta hana irin waɗannan saƙonni, ita ma sai wanda ya iya rubuta kalmar Turanci ya tura.

Tambayar Iya ita ce tambayar sana'ar nan gaba ɗaya. Kamfani ba shi da fuska. Layi ɗaya da mutum ya saya da sunan Econet ya wayi gari Vmobile, ya koma Celtel a 2006, Zain a 2008, Airtel a 2010, akwai dattawan da har gobe Ikonet suke cewa. Wanda ke da fuska, da shago, da sunan uba da aka sani a unguwa, shi ne mai gyara. Don haka mu ake kamawa.

Rashin sabis ya sa kowa ya riƙe layi biyu, musamman a cikin gari inda katangar ƙasa mai kauri ke sa mutum ya fito ƙofar gida ko ya hau soro yana ɗaga hannu sama. 'Yan Chana suka lura, suka kawo waya mai layi biyu har uku, mai sifika kamar ta masallaci, wata da eriyar talabijin. Araha ba ta ado, wata uku ta mutu, amma daga cikinsu Tecno ta fito ta zauna da gindinta, ita da 'yan'uwanta itel da Infinix, duk na kamfani ɗaya ne a Shenzhen. Memori da bulutut kuma suka yi wa kasuwar kaset da faifai ta Ƙofar Wambai abin da fara ke yi wa gona. BlackBerry ta zo da yayinta, 'yan mata suna tambayar fin, ta wuce; a Janairun 2022 kamfanin ya kashe tsofaffin daga can inda yake, lafiyayyar waya ta zama abin wasan yara. Kasuwar waya kuma ta yi ƙarfi a Farm Centre, can muke zuwa sayen kayan gyara.

Sannan aka shiga zamanin rajista. An yi ta a 2011, a 2015 aka ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 kan layuka marasa rajista sama da miliyan biyar da ba a rufe ba, daga baya aka sasanta a biliyan 330. A Disambar 2020 aka ce a haɗa layi da lambar NIN, mutane suka riƙa sammako suna bin layi ana tsakiyar korona, a Afrilun 2022 aka hana miliyoyin layuka kira. A makon da aka yi haka na ga wayoyi lafiyayyu sun fi a ƙirga, kowa yana cewa tasa ta daina fita. Haka farkon 2023 da takardar kuɗi ta ɓace: mutum ya yi tiransifa, an cire a nan, ba ta shiga can ba, mai shayi ya riƙe shi, sai ya zo wai in duba ko wayar ce.

Wayar yau kuwa galibi ba ta da kusa a waje. Sai ka ɗora ta kan injin zafi gam ya narke, ka bi gefe da abu mai kaifi kana addu'a kada gilashin baya ya tsage, don in ya tsage kai za ka biya. Batir a manne yake. Gilashi da tac da sikirin abu ɗaya ne, ɗan tsagu a kusurwa sai a canza duka, kuɗinsa kuma yana bin dala a kasuwar canji ta Wapa. Daga tsakiyar 2023 zuwa 2024 dala a farashin gwamnati ta tashi daga ƙasa da naira 500 zuwa sama da 1,500, sikirin ya bi ta. Wasu manyan wayoyin in ka sa musu kayan da ba na kamfani ba sai su rubuta gargaɗi, mai waya ya dawo yana cewa ka cuce shi. A 2017 Apple da bakinsa ya amsa cewa yana rage wa wayoyi masu tsohon batir gudu, a 2020 ya daina sa kan caja a kwali. Turai ta yi doka, daga ƙarshen 2024 kowace sabuwar waya bakin caja iri ɗaya za ta yi. Mu nan albarkacin kaza muka sha, ba don an tambaye mu ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne makullin Google. An yi shi don ɓarawo, kuma a garin da ƙwacen waya ya ci rayuka ba zan ce a cire ba. Sai dai mutum nawa ne a Kurmi ko Jakara suka san imel ɗin da ke kan wayarsu? Yaron shago ne ya buɗe ranar da aka saya, ya sa abin da ya ga dama, ya manta. Ranar da aka wanke wayar ta nemi kalmar sirri, mai ita ya zama baƙo a ƙofar gidansa, ga hotunan 'ya'yansa da lambobin abokan cinikinsa a ciki.

Ba na wanke 'yan sana'armu. Akwai mai cire orijinal ya sa kwafi, akwai mai leƙa hotunan matan mutane, akwai wanda ya koyi aiki wata biyu ya buɗe shago yana koyon sauran a kan wayoyin jama'a. Waɗannan sun ja mana zagi, kuma sun cancanci a kai su gaban shugabannin kasuwa. Amma kashi mafi yawa na faɗan da ake yi a gaban teburina, wanda ya haddasa shi bai taɓa shigowa ta Ƙofar Nasarawa ba.

Kai mai karatu, in za ka sayi waya, fara biyawa ta wurin mai gyaran unguwarku ka tambaye shi nawa ne sikirinta, kuma ana samunsa ko sai an yi oda. Ka sa a buɗe imel ɗin a gabanka, ka rubuta shi da kalmar sirrin a takarda, ko da ajami ne, ka ajiye inda kake ajiye takardar gida. In kuma kati ya ɓace, akwai lambar ƙorafi ta hukuma, 622, ka fara da can kafin ka zo wurina.