Rana da Tafkin Ninƙaya: Tarihin Wata Sana'a a Gidajen Amurka

Magidancin da ke da tafkin ninƙaya a bayan gidansa a jihar Kalifoniya ko Fulorida, idan ya zauna yana lissafin yadda zai haɗa wa tafkin kayan sola da hannunsa, yana bin sawun wata sana'a ce da ta haura shekara ɗari da talatin, wadda ta durƙushe har sau uku, kuma a karo na ƙarshe tafkin ninƙayar ne ya riƙe ta. Dalilin haka yana cikin buƙatun tafkin kansa, domin abu biyu yake nema, wato zafin da zai ɗumama ruwansa da wutar lantarkin da za ta juya injin da ke zagaya da ruwan ta cikin matata, kuma kowace daga cikin buƙatun nan tana da tarihinta daban.

Tarihin zafin ne ya riga. A shekarar 1891 wani ɗan kasuwa na birnin Baltimo mai suna Clarence Kemp ya yi rajistar na'urar da ya kira Climax, wadda ba komai ba ce illa tankunan ƙarfe da aka shafa wa baƙin fenti aka jera a cikin akwati mai murfin gilashi, ta yadda hasken rana zai ratsa gilashin ya zama zafi, gilashin kuma ya hana zafin fita. Na'urar ta sami karɓuwa a kudancin Kalifoniya, inda rana ke da yawa, gawayin kwal da itace kuwa suke da tsada, sai dai tana da aibi guda babba: ruwan da ya yi zafi da la'asar yakan huce cikin dare, saboda tankin yana kwana a waje. William Bailey ne ya magance wannan a 1909, lokacin da ya raba aikin gida biyu, ya bar siraran bututun tagulla a kan rufi su kama zafi, ya kai tankin ajiya cikin gida ya lulluɓe shi da abin da ke riƙe ɗumi. Da yake ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, da kansa yake hawa zuwa tankin ba tare da inji ba, muddin an ɗora tankin sama da bututun. Kamfaninsa, Day and Night, ya sayar da dubban waɗannan na'urori, kuma bayan wani matsanancin sanyi da aka yi a 1913 ya daskarar da ruwan bututu ya farfasa su, Bailey ya koma zagaya wani ruwa marar daskarewa a cikin bututun, shi kuma ya miƙa zafinsa ga ruwan tanki.

Abin da ya kashe kasuwar ba gazawar na'urar ba ce. A shekarun 1920 aka gano iskar gas mai yawa a yankin Los Anjalis, ta yi arha har Bailey da kansa ya koma ƙera tukunyar ɗumama ruwa mai aiki da gas. Sana'ar ta yi ƙaura zuwa Fulorida, ta bunƙasa a Mayami har farkon shekarun 1940, sannan Yaƙin Duniya na Biyu ya sa gwamnati ta keɓe tagulla don kayan yaƙi, bayan yaƙin kuma kamfanonin lantarki suka karya farashin wuta suna tallar tukunyarsu ta ɗumama ruwa da rahusa. Karo na biyu ke nan da makamashi mai arha ya kori rana daga rufin gidaje.

A daidai wannan lokacin ne tafkin ninƙaya ya sauko daga gidajen attajirai da taurarin fim ya shiga unguwannin ma'aikata. Dabarar fesa kankare da matsin iska a kan ragar rodi, wadda ta ba magina damar gina tafki mai kowace irin siffa ba tare da kafa katakon zubi ba, ta rage kuɗin aikin sosai, kuma sababbin unguwannin da aka yanka a bayan gari a shekarun 1950 suna da fili a bayan kowane gida. Waɗannan tafkuna da gas ake ɗumama su, kuma babu wanda ya damu da yawan gas ɗin da suke sha, sai da ƙasashen Larabawa suka dakatar da sayar wa Amurka man fetur a 1973, farashin makamashi ya yi tashin gwauron zabi.

Shekara huɗu kafin wannan, a 1969, Freeman Ford ya kafa kamfanin FAFCO a Kalifoniya a kan wani tunani da ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Ruwan wanka na cikin gida ana son sa da zafin da ya kai digiri 50 ko fiye a ma'aunin Salshiyas, shi ya sa yake buƙatar gilashi da tagulla da tanki. Ruwan tafki kuwa digiri 26 zuwa 28 ya ishe shi, wanda bai fi zafin iskar rana da yawa ba, saboda haka zafin da zai tsere daga bututu kaɗan ne, gilashin ma bai zama dole ba. Baƙar tabarmar roba mai ɗaruruwan ƙananan hanyoyin ruwa a jere ta wadatar. Ba a buƙatar tankin ajiya, tunda tafkin da kansa tanki ne mai ɗaukar dubban lita. Ba a buƙatar sabon inji, tunda injin matata yana nan yana aiki, abin da kawai za a ƙara shi ne makunnin da zai karkatar da ruwa zuwa rufi idan rana ta take, ya mayar da shi hanyarsa idan gajimare ya rufe. Tagulla ma ba ta jituwa da sinadarin kulorin da ake zuba wa tafki, ita kuwa roba ba ruwanta.

Sauƙin nan ne ya buɗe ƙofa ga masu aikin hannu. A shekarun 1970 mujallu irin su Mother Earth News sun cika da bayanin yadda mutum zai naɗe baƙin tiyo mai tsawo a kan faifan katako, ya jingina shi yana fuskantar kudu, ya haɗa bakinsa ɗaya da injin tafki, ɗayan kuma ya koma cikin ruwa. Wanda ya sa hannu a bakin tiyon da tsakar rana yakan ji ruwan da ɗan ɗumi kawai, har ya zaci aikin bai yi ba, alhali haka ake so, domin ruwa mai yawa da ya ƙaru da digiri biyu ya fi kwaso zafi a kan ɗan ruwan da ya kusa tafasa. Daga gogayyar waɗannan shekaru ne aka tsayar da ƙa'idar da har yau ake bi, cewa faɗin tabarmar ya kasance tsakanin rabin faɗin saman tafkin zuwa kwatankwacinsa gaba ɗaya, kuma a riƙa rufe tafkin da dare, saboda yawancin zafinsa ta tururin da ke tashi daga saman ruwa yake salwanta.

Shugaba Jimmy Carter ya sa an kafa faifai 32 na ɗumama ruwa a Fadar White House a 1979, gwamnatin tarayya kuma ta yi rangwamen haraji ga masu sayen irinsu. Rangwamen ya ƙare a ƙarshen 1985, farashin mai ya faɗi warwas a 1986, a shekarar ne kuma aka sauke faifan fadar a zamanin Ronald Reagan, kamfanonin sola da dama suka rufe. Masu tabarmar tafki ne suka tsira, kuma shekaru da yawa bayan haka su ne ke da kaso mafi tsoka na faifan zafi da ake sayarwa a ƙasar, saboda kuɗin da mai gida ya kashe yana dawo masa cikin 'yan shekaru ko da tallafi ko babu. Ko rangwamen da aka sake kawowa a dokar makamashi ta 2005 bai haɗa da ɗumama tafki ba, kuma hakan bai hana cinikin ci gaba ba.

Ɓangaren lantarki ya makara ƙwarai. Tun 1954 masana uku na ɗakin binciken Bell, wato Daryl Chapin da Calvin Fuller da Gerald Pearson, suka ƙera ƙwayar silikon da ke mayar da kusan kashi 6 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kanta zuwa lantarki, amma tsadarta ta sa taurarin ɗan Adam ne suka fara cin moriyarta, tun daga Vanguard 1 a 1958. A ƙasa kuwa mazauna ƙungurmin daji da wayar lantarki ba ta kai gare su ba ne suka riƙe ta, su ne kuma mujallar Home Power da aka fara bugawa a 1987 ta riƙa koya wa lissafin batir da kaurin waya. Injin tafki na wancan zamani gudu ɗaya gare shi, yana cin wuta fiye da yawancin kayan gida in ban da na'urar sanyaya ɗaki, don haka ciyar da shi da faifan sola asara ce tsagwaronta.

Abu biyu suka sauya lissafin bayan shekarar 2000: farashin faifan sola ya karye sakamakon yawan ƙera su a Sin, sannan aka fito da inji mai sauya gudu. A ƙa'idar irin waɗannan injuna, idan aka rage gudu zuwa rabi, wutar da ake ci takan sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas, saboda haka injin da ke tafiya a hankali tun hantsi har la'asar yana tace ruwan da ake so da wutar da 'yan faifai kaɗan za su iya bayarwa. Akwai ma injin da ake haɗawa kai tsaye da faifai ba batir ba inbata, ya tashi da fitowar rana ya tsaya da faɗuwarta, irin dabarar da ke jawo ruwa a rijiyoyin burtsatse masu sola a ƙauyukan Nijar da arewacin Nijeriya. Tun daga Yulin 2021 dokar tarayya ta sa mizanin tsimin wuta da ya tilasta yawancin sababbin manyan injunan tafki su zama masu sauya gudu, a Afrilun 2023 kuma Kalifoniya ta rage kuɗin da ake biyan sababbin masu sola kan rarar wutar da suka tura wa kamfanin lantarki, abin da ya sa ya fi riba mai gida ya saita injinsa ya sha wutar da tsakar rana. Iyakar mai aikin hannu ta tsaya ne a wurin waya, domin kundin ƙa'idojin lantarki na ƙasar ya keɓe sashe na 680 ga tafkuna da na 690 ga faifan sola, kuma a yawancin garuruwa ba a kunna haɗin da ya shafi layin kamfani sai an karɓi izini, jami'in dubawa ya zo ya tabbatar an ɗaure duk ƙarfen da ke kewaye da ruwan da waya guda.