Bayani kan ma'ajiyar waje a na'urorin wasan bidiyo

Na'urorin wasan bidiyo irin su PlayStation na kamfanin Sony da Xbox na kamfanin Microsoft suna da ma'ajiya a cikinsu, inda ake adana wasanni da hotuna da sauran bayanai.

Sai dai girman wasanni ya ƙaru matuƙa, ta yadda a yau wasa ɗaya kan haura gigabait 100. Wannan ne ya sa masu na'urorin ke komawa ga ma'ajiyar waje, wato filash ko babban faifan ajiya da ake jonawa ta kafar USB.

Asalin lamarin

A lokacin da PlayStation ta farko ta fito a Japan a shekarar 1994, wasan yana kan faifan CD ne, kuma ana adana matakin da ɗan wasa ya kai a wani ƙaramin kati mai gurabe 15.

PlayStation 2, wadda ta fito a shekarar 2000, ta zo da kati mai megabait 8, kuma tana kunna faifan DVD, abin da ya sa gidaje da dama suka riƙe ta a matsayin na'urar kallon fim.

Xbox ta farko, ta shekarar 2001, ta zo da faifan ajiya a cikinta. A shekarar 2010 Microsoft ya ba masu Xbox 360 damar adana wasanni a filash, yayin da Sony ya ba da irin wannan dama ga PlayStation 4 a watan Maris na 2017.

Amfani iri biyu

Ana amfani da ma'ajiyar waje ta hanyoyi biyu, kuma rashin bambance su shi ne yake jawo asara.

Hanya ta farko ita ce ƙara wa na'ura wurin ajiye wasanni. A nan na'urar takan buƙaci a yi wa faifan fomatin, ta mayar da shi tsarinta na musamman. Duk abin da ke kansa zai goge, kuma daga nan kwamfuta ba za ta iya karanta shi ba sai an sake goge shi.

PlayStation 4 da 5 suna karɓar faifai mai girman gigabait 250 zuwa terabait 8, matuƙar yana aiki da USB 3.0. Na'urorin Xbox na baya-bayan nan kuwa suna karɓa daga gigabait 128.

Hanya ta biyu ita ce kallon fim ko sauraron sauti, kamar karatu ko wa'azi ko waƙa. Wannan ba ya buƙatar a miƙa wa na'urar faifan baki ɗaya. Ya wadatar a shirya filash ɗin a kwamfuta bisa tsarin FAT32 ko exFAT.

Tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, don haka exFAT ya fi dacewa da manyan fina-finai. PlayStation 3 dai FAT32 kaɗai take karantawa. A PlayStation 4, wajibi ne a zuba sautuka a cikin jaka mai suna Music kafin na'urar ta gan su.

Iyakoki a sabbin na'urori

PlayStation 5 da Xbox Series X da S, waɗanda suka fito a watan Nuwamba na 2020, suna amfani da ma'ajiyar SSD mai tsananin sauri, kuma an gina sabbin wasanni ne bisa wannan sauri.

Saboda haka ana iya ajiye wasan PlayStation 5 a faifan USB, amma ba a iya buga shi daga can, sai an dawo da shi cikin na'urar. Wasannin PlayStation 4 kuwa suna tashi kai tsaye daga faifan.

Mai son ƙarin wurin da zai buga sabbin wasanni sai ya sa ma'ajiyar M.2 a cikin PlayStation 5, damar da aka buɗe a watan Satumba na 2021, ko ya sayi katin faɗaɗa ma'ajiya na Xbox.

Haka nan PlayStation 4 da 5 ba sa kunna faifan CD na sauti, duk da cewa masu kafar faifai suna kunna DVD da Blu-ray.

Abubuwan lura

A ƙasashe irin su Najeriya da Nijar, inda kuɗin intanet ke da nauyi, ajiye wasa a faifan waje ya fi goge shi sauƙi, domin ba sai an sake sauke shi ba.

Amma ɗaukewar wutar lantarki a daidai lokacin da ake kwafar bayanai na iya lalata abin da ke kan faifan. Haka ma zare shi ba tare da an umarci na'urar ta sake shi ba.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne, a PlayStation, matakin da ɗan wasa ya kai ba ya bin wasan zuwa faifan waje, yana zama ne a cikin na'urar. Idan ta lalace, wanda bai kwafi wannan bayani daban ba zai sami wasansa a faifai, amma daga farko zai soma.