Sunayen dangi a harshen Twi da Ga: jagora ga Bahaushen Zangon Accra

Bahaushen da ya sauka a Nima ko Maamobi daga Maraɗi, Kano ko Lome zai iya yin ciniki, ya je masallaci, ya nemi masauki, duk da Hausa. Da zarar ya fita daga zango, ko maganar aure ta haɗa gidansu da wani gida na 'yan ƙasa, sai buƙatar Twi da Ga ta taso. Sunayen dangi suna cikin kalmomin da ya kamata ya fara riƙewa, domin da su ake gaisawa, kuma su ne ke nuna wanda ke da magana a kan aure, jana'iza da gado.

Inda harsunan suka haɗu

Hausawa sun daɗe suna zuwa ƙasar Gwanja fataucin goro. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fatake da malamai da yawa sun watsu zuwa Kumasi, Kete-Krachi da Accra. A farkon ƙarni na 20 Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a Accra, daga baya kuma Nima ta tashi a filin da Malam Amadu Futa ya samu daga wani gidan Ga na Osu a 1931.

Ƙasar Accra ta mutanen Ga ce, amma Twi, harshen Akan, ya fi yawo a kasuwa da tashar mota. Ƙidayar 2021 ta nuna Akan su ne kashi 45.7 cikin 100 na mutanen Ghana, Ga da Dangme kuma kashi 7.1. Shi ya sa yawancin masu koyo ke farawa da Twi.

Yadda ake furta haruffa

Akwai haruffa biyu da babu su a rubutun Hausa. Wanda ya yi karatun Faransanci ba zai sha wahala ba: ɛ daidai yake da è na kalmar père, ɔ kuma kamar o na kalmar porte. Haɗin gy ana furta shi kusan kamar j, ky kuma kusan kamar c. Don haka agya a kunne kamar "aja" yake.

Kalmomin Twi na farko

Uba: agya ko papa
Uwa: ɛna ko maame
Kaka, namiji ko mace: nana
Jika: nana
Ɗa ko 'ya: ɔba, jam'insa mma
Ɗan'uwa ko 'yar'uwa: nua
Ɗan'uwa namiji: nuabarima
'Yar'uwa: nuabaa
Kawu: wɔfa
Ɗan 'yar'uwar namiji, ko 'yarta: wɔfase
Gwaggo: sewaa
Miji: kunu
Mata: yere
Kishiya: kora
Suruki ko surukuwa: ase
Ɗan'uwan mata, ko mijin 'yar'uwa: akonta
Dangin uwa: abusua

Ana sa kalmar mallaka a gaban sunan, saɓanin Hausa da ke liƙa ta a baya. Me papa shi ne babana, wo maame mamarka ko mamarki, ne yere matarsa. Kalmar ne ba ta bambanta namiji da mace, saboda haka ne ba na iya zama ɗansa ko ɗanta.

Hausa tana da wa, ya, ƙane da ƙanwa. Twi yana ƙara panin, wato babba, ko kumaa, wato ƙarami, a bayan kalmar: me nua panin shi ne yayana, me nua kumaa ƙanena ko ƙanwata. Ba a ware wa baffa suna na musamman ba, uba ake ce masa: agya panin in ya girmi mahaifi, agya kumaa in ƙanensa ne. Haka 'yar'uwar uwa, maame panin ko maame kumaa. 'Ya'yan waɗannan biyun duk nua ne.

Kalmar nana tana yawan ruɗa baƙo, domin a ƙasar Hausa mata ake kira Nana. A Twi ana faɗa wa tsoho da tsohuwa, ana faɗa wa jika, ana kuma sa ta a gaban sunan sarki. Maza da yawa suna ɗauke da ita a sunansu, kamar Nana Akufo-Addo wanda ya shugabanci Ghana daga 2017 zuwa 2025.

Gaisuwa

Maakye ita ce gaisuwar safe, maaha ta rana, maadwo ta yamma. Amsar ta dogara ne da wanda ya yi gaisuwar. Dattijo namiji ana amsa masa da yaa agya, dattijuwa yaa ɛna, sa'a kuma yaa nua. Amsa wa tsohuwa da yaa nua tamkar ce wa dattijuwar Bahaushiya "ke" ne a maimakon "Inna". Haka nan ba a kiran babba da sunansa kai tsaye, sai an sa papa, maame ko wɔfa a gaba, ko da babu dangantakar jini.

Me ya sa wɔfa ya fi kawu nauyi

A wurin Bahaushe, ɗa na gidan ubansa ne. A al'adar yawancin Akan, jini, wato mogya, ta wurin uwa yake bi, don haka yaro ɗan abusua ɗin mahaifiyarsa ne. Daga uba yana samun abin da suke kira ntoro, wanda ya shafi ruhi da hali, kuma uba ne ke raɗa masa suna. R. S. Rattray ya bayyana wannan tsari a littafinsa Ashanti na 1923.

Asante suna da manyan abusua guda 8, kuma sarautar Asantehene tana hannun Oyoko. Otumfuo Osei Tutu II, wanda ya hau gadon sarauta a 1999, ya cancanci sarautar ne ta wurin mahaifiyarsa, Nana Afia Kobi Serwaa Ampem II. A da, dukiyar namiji ma ɗan'uwansa na ciki ɗaya ko wɔfase ɗinsa ke gadonta, ba 'ya'yan cikinsa ba. Har yau, shugaban dangin uwa, abusuapanin, yana da babbar magana wajen tsayar da ranar jana'iza da sasanta rikicin gida. Mai neman aure a gidan Akan da ya gaida uba ya manta da wɔfa ya bar babban gurbi.

Wannan bambanci yana bayyana a auren da ya haɗa ƙabilu biyu. In uba Bahaushe ne uwa kuma Akan, kowane ɓangare na ganin yaron nasa ne. In uba ne Akan uwa Bahaushiya, dangin uwa suna ɗaukar yaron a matsayin ɗan gidan ubansa, alhali a al'adar Akan ba ya cikin abusua ɗin uban. Gara iyalai su tattauna wannan tun kafin a ɗaura aure.

Auren zumunci ma ya bambanta. Bahaushe na iya auren 'yar baffansa ko 'yar innarsa. A wurin Akan waɗannan nua ne, ba a aure da su. Wanda al'adarsu ta yarda da shi tun da shi ne aure tsakanin taubasai, wato ɗan sewaa da 'yar wɔfa.

Abin da dokar Ghana ta tanada

A 1985 gwamnatin PNDC ta kafa doka mai lamba 111 a kan gadon wanda ya rasu bai bar wasiyya ba. Babban dalilinta shi ne kare matan mamaci da 'ya'yansa, waɗanda a wasu lokuta dangi ke fitarwa daga gida. In mamaci ya bar mata da 'ya'ya, su ke da kayan cikin gida da kuma gida ɗaya. Sauran dukiyar ana kasa ta gida 16: kaso 3 na mata, 9 na 'ya'ya, 2 na iyayen da ke raye, 2 kuma a raba bisa al'ada. Dokar ba ta shafi dukiyar dangi ko ta sarauta ba, sai wadda mutum ya nema da kansa. Tun da wannan rabo ya sha bamban da na Musulunci, yana da kyau mai dukiya a Ghana ya nemi shawarar malami da lauya tun yana raye.

Kalmomin Ga

Ga sun fi kusa da Hausawa a nan, domin galibi ta wurin uba suke lissafin gida. Uba shi ne tsɛ, uwa nyɛ, ɗa ko 'ya bi, jika nabi. Ɗan'uwa nyɛmi nuu ne, 'yar'uwa nyɛmi yoo. Miji wu, mata ŋa, dangi kuma weku. Kaka namiji nii, kaka mace naa, kuma waɗannan biyun su ne ake sa wa a gaban sunayen sarakuna da manyan mata na Accra. Wajen kiran dattijo ana cewa ataa, dattijuwa kuma awo.

Tarkon kalmomi masu kama da juna

Kada mai koyo ya amince da kalma don kawai ta yi kama da ta Hausa. Harshen Turkmen na tsakiyar Asiya misali ne mai kyau: a can kaka shi ne uba, baba kaka ne na wajen uwa, mama kuma mahaifiyar uwa. Iyayen uba suna da nasu sunaye, ata da ene. Faransanci kuwa ya haɗa kawu da baffa a kalma ɗaya, oncle, gwaggo da inna kuma tante. A wannan fanni Hausa ta fi shi amfani ga mai koyon Twi, tun da ta riga ta raba kawu da baffa.

Hanyar koyo

Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya zana gidansu a takarda, dangin uwa a gefe ɗaya, na uba a ɗaya gefen, ya rubuta sunan Twi a ƙarƙashin kowa. Daga nan ya riƙa haɗa kowace kalma da me, wo da ne yana faɗa da baki. Twi da Ga suna da karin sauti kamar Hausa, kuma rubutunsu na yau da kullum ba ya nuna shi, don haka dole a ji furucin daga bakin mai harshen. Kalmomi biyar sun isa makon farko: papa, maame, nana, nua da wɔfa, tare da amsoshin gaisuwa guda uku.