Layin Dogon da Ya Kai Turawa Ƙofar Umdurman

Yau Sudan za mu leƙa, ƙarshen ƙarni na 19. In aka ambaci yaƙin Karari, inda Turawan Ingila suka karya daular Mahadi, abin da aka fi tunawa shi ne bindigar Maxim mai aman harsashi. Ni kuwa tambayata ita ce: ta ina bindigar ta bi har ta iso wajen? Wa ya ɗauko harsashin da abincin sojan? A ganina jirgin ƙasa ne ya yanke hukuncin wannan yaƙi, kuma ga hujjata.

Kafin dogo, duk rundunar da ta shiga hamadar nan tana ji a jikinta. A 1883 mayaƙan Mahadi suka shafe rundunar Masar da Hicks Pasha ke jagoranta a Shaikan, bayan ƙishirwa ta galabaitar da ita. A Janairun 1885 Khartum ta faɗi, aka kashe Janar Gordon, masu zuwa cetonsa suka iso bayan kwana biyu, don tafiya a kogin Nilu da kan raƙuma ta cinye musu watanni. Su ma Ansaru haka ta faru da su. A 1889 Wad al-Nujumi ya nufi Masar da runduna, yunwa da ƙishi suka cinye ƙarfinta kafin a gama da ita a Toshki.

Matsalar a fili take. Raƙumi yana ɗaukar kaya, amma shi ma ciki gare shi, mai jansa ma haka. In tafiya ta yi nisa, guzurin da aka ɗauko a hanya yake ƙarewa. Shi kuma Nilu a wannan yanki yana yin wata babbar kwana, ga duwatsu da gangaren ruwa da ke tare jiragen ruwa.

Da Kitchener, kwamandan sojan Masar, ya kama Dongola a 1896, sai ya yanke shawarar da mutane da yawa suka ɗauka hauka ce: ya yanke kwanar kogin, ya shimfiɗa dogo ta tsakiyar hamadar Nubiya, daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamad, kusan kilomita 370. Lokacin ma Abu Hamad ɗin tana hannun Ansaru. Aikin ya danƙa wa wani matashin hafsa ɗan Kanada, Percy Girouard. Ku riƙe sunan nan. An fara aiki ranar 1 ga Janairu 1897, kuma sojojin Masar da fursunoni ne suka sha ranar.

To, jirgin ƙasa na lokacin da gawayi da ruwa yake tafiya, wato shi ma yana jin ƙishi. Duk jirgin da ya tashi daga Wadi Halfa sai ya jawo tankunan ruwan da zai sha zuwa da dawowa, da na ma'aikata, sannan a ɗora ƙarafa da katako a sauran taragun. Layi na ƙara tsawo, tankuna na ƙara cinye wurin kaya. Da aka haƙa rijiya a wurare biyu aka dace da ruwa, sai aikin ya sami sauƙi. Tashoshin hanyar ko suna ba su da shi, lamba kawai aka ba su.

A watan Agustan 1897 aka ƙwace Abu Hamad, ƙarshen Oktoba dogo ya iso. Tafiyar da ke cin kwana 18 a raƙumi da jirgin ruwa ta koma ta kwana ɗaya. Har jiragen ruwan yaƙi aka riƙa ɗaukowa gunduwa-gunduwa a taragu, a haɗa su a bakin kogi, can gaba da duwatsun.

Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, yana da maza, jarumtarsu kuma ko abokan gaba sun shaida. Abin da ya rasa shi ne hanyar ciyar da su nesa da gida. Rundunar Amir Mahmud da yunwa ta shiga yaƙin Atbara a Afrilun 1898, aka ci ta, aka kama shi. Watan Yuli dogo ya iso Atbara.

Ranar 2 ga Satumba 1898, a Karari, Ansaru kimanin 50,000 suka fuskanci sojan Kitchener kimanin 25,000 da suka iso a ƙoshe, da harsashi jibge. Cikin 'yan sa'o'i aka kashe Ansaru sama da 10,000. A ɗaya ɓangaren waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba.

Yanzu mu koma kan Girouard. A 1907 aka turo shi Arewacin Najeriya ya gaji Lugard, kuma a zamaninsa aka fara shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Neja, zuwa Kano. Layin ya isa Kano a 1911, da faɗi iri ɗaya da na Sudan. Mu labarin gyaɗa da dalarta muka fi sani game da wannan dogo, amma mutumin da ya assasa shi a fagen yaƙi ya yi suna, kuma taragon da ke sauko da buhu yana iya hawowa da soja.

Ku faɗa mini a ƙasa: da Halifa ya aika mahaya sun riƙa ɓalle layin tun yana tsakiyar hamada, kuna ganin labarin zai sauya? Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.